Akawu, Ambulan da Alƙali: Rigimar Ƙuri'ar Gidan Waya a Amurka

Tun daga shekarar 1979, sa'ad da ƙasarmu ta ajiye tsarin firayim minista da ta gada daga Ingila, ta ɗauko na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, ya zamana da wuya a yi gardamar siyasa a ɗakunan kwananmu a tashi wani bai ce, ai a Amurka ba haka ake yi ba. To, yau mun ga ya kamata mu leƙa gidan da muka aro rigar, mu dubi wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a can tun daga 2020. Rigimar kuwa a kan ambulan ce, da kuma akawun da ke zaune a ofishin gunduma yana karɓar ambulan ɗin. Abin da aka yi ta kai wa alƙalai shi ne: shin wannan ma'aikaci yana da ikon gaya wa mai zaɓe yadda zai cika takardarsa, ko ya aika masa da ita tun bai roƙa ba, ko kuwa ya neme shi ya ce ka yi kuskure, zo ka gyara? Mai karatu zai ce wannan ai ba ta kai a je gaban alƙali ba. Mu ma da haka muka zata.

Kafin mu shiga cikin maganar, tilas ne mu tuna cewa Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda ɗaya mai gudanar da zaɓen ƙasa baki ɗaya kamar yadda muka yi FEDECO a da, muke kuma da INEC yanzu. Tsarin mulkinsu ya bar wa majalisun jihohi tsara lokacin zaɓe da wurinsa da yadda za a yi shi, su kuma jihohin suka miƙa aikin ga gundumomi da garuruwa. Jihar Pennsylvania tana da gunduma 67, kowace da hukumar zaɓenta. A jihar Wisconsin kuwa akawunan garuruwa wajen 1,850 ne ke riƙe da aikin, da yawansu ma suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Jefa ƙuri'a ta gidan waya kuma tsohon abu ne gare su, domin sojoji sun yi zaɓe daga fagen fama a 1864 lokacin yaƙin basasarsu, jihar Oregon kuma ta mai da zaɓenta na gidan waya tun daga ƙuri'ar jin ra'ayin da aka yi a 1998. Amma sai da annobar korona ta zo a 2020, fiye da kashi 40 cikin ɗari na masu zaɓe suka aika da ƙuri'unsu cikin ambulan, sa'an nan bango ya tsage, lauyoyi suka sami wurin shiga.

Bari mu soma da wanda a ganinmu ya yi kuskure, don kada a ce mun zo ne kawai mu wanke akawuna. A dokar Wisconsin, mai neman a aiko masa da ƙuri'a sai ya nuna katin shaida mai hoto, in ban da wanda tsufa ko ciwo ko naƙasa ya tsare shi a gida ba ranar fita. A ran 25 ga Maris, 2020, ana saura mako biyu zaɓe, gwamna kuma ya ba da umurnin kowa ya zauna gida, sai akawun gundumar Dane, Scott McDonell, ya yi shela a Facebook cewa wanda ya kasa aika hoton katinsa yana iya cewa shi ma tsararre ne a gida. Jam'iyyar Rifablikan ta garzaya Kotun Ƙolin jihar, a ran 31 ga watan kuma kotun ta ce ya daina. Da ta zo yanke cikakken hukunci a watan Disamba, sai ta ce mai zaɓe ne da kansa zai auna ko yana cikin waɗanda dokar ta ambata, kuma umurnin zaman gida bai mai da lafiyayyen saurayi tsoho ko majinyaci ba.

Ba mu shakkar cewa tausayi ne ya sa akawun ya yi abin da ya yi. Ɗakunan karatu da shagunan da talaka zai je a ɗauki hoton katinsa duk a rufe suke. Amma fa majalisa ta riga ta yi magana a nan, ta lissafa mutanen da ta ɗauke wa sharaɗin, shi kuwa sai ya ƙara nasa a kan lissafin. Ran da muka yarda akawu mai tausayi ya faɗaɗa doka don ta yi wa jama'a daɗi, to, mun ba akawu mai mugunta izinin ya ƙuntata ta gobe, kuma ba mu da bakin magana.

Na jihar Texas daban ne. A can ba kowa ke da izinin zaɓe ta gidan waya ba, sai wanda ya kai shekara 65, ko naƙasasshe, ko wanda ba ya gundumarsa lokacin zaɓe, da wasu 'yan kaɗan. A 2020 akawun gundumar Harris, inda birnin Houston yake, watau Chris Hollins, ya yi niyyar aika wa dukkan masu rajista, mutum sama da miliyan biyu, takardar neman ƙuri'a, haɗe da bayanin wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. A lura, takardar roƙo ce kawai, ba ƙuri'ar kanta ba. Babban lauyan jihar, Ken Paxton, ya kai ƙara, a ran 7 ga Oktoba kuma Kotun Ƙolin Texas ta hana, bisa hujjar cewa gunduma ba ta da wani iko sai wanda doka ta ba ta, dokar kuwa ba ta ce ya aika wa wanda bai roƙa ba. Abin mamaki a nan shi ne, jam'iyyu da 'yan takara suna aika wa mutane irin wannan takarda, ba mai hana su. Watau ɗan siyasa mai neman ƙuri'arka yana iya ƙwanƙwasa maka ƙofa da takardar, amma ma'aikacin da aka ɗauka musamman don aikin zaɓe shi ne aka ɗaure wa hannu.

Majalisar jihar ba ta tsaya nan ba. A 2021 ta kafa doka wadda ta mai da shi babban laifi, har da ɗauri, ga ma'aikacin zaɓen da ya aika wa mutum takardar neman ƙuri'a bai roƙa ba, kana ta ƙara sharaɗin rubuta lambar katin shaida a jikin ambulan. Gurbin rubuta lambar kuwa yana ƙarƙashin marfin ambulan ɗin, inda idon tsoho ba lalle ya kai ba. A zaɓen fid da gwani na Maris 2022 aka watsar da ƙuri'un gidan waya kusan 25,000, watau wajen kashi 12 cikin ɗari. Tun da yake a Texas yawancin masu zaɓe ta wannan hanya dattawa ne, ba sai mun faɗi ko ƙuri'un su wane ne suka tafi kwandon shara ba, kuma a cikinsu akwai magoya bayan jam'iyyar da ta kafa dokar.

Amma inda rigimar ta yi gida ta haihu shi ne Pennsylvania, a nan kuma za mu ɗan daɗe. A watan Oktoba na 2019 majalisar jihar, wadda 'yan Rifablikan ke da rinjaye a cikinta, ta zartar da doka mai lamba 77, gwamna Tom Wolf ɗan Dimokurat ya sa hannu, aka ba kowa izinin zaɓe ta gidan waya ba sai ya kawo uzuri ba. Ga yadda ake yi: ka cika ƙuri'arka, ka sa ta a ƙaramin ambulan na sirri wanda ba sunanka a kai, ka sa wannan a babban ambulan, ka sa hannu a bayansa, ka rubuta kwanan wata, ka aika ta isa ofis kafin ƙarfe takwas na daren ranar zaɓe. Duk wanda ya taɓa cika takardar neman shiga jami'a ya san cewa cikin mutum dubu sai an sami wanda ya tsallake layi ɗaya. A zaɓen 2020 kuwa mutum wajen miliyan biyu da dubu ɗari shida ne suka bi wannan hanya a jihar. Dokar ta faɗi abin da mai zaɓe zai yi, amma ta yi shiru a kan abin da akawu zai yi in ambulan ya iso hannunsa tun da sauran kwanaki, ya ga da idonsa ba sa hannu a kai.

Wannan shirun shi ne uwar shari'o'in duka. Tsohuwar dokar zaɓen jihar ta ba hukumomin gundumomi ikon fid da ƙa'idodi da umurni don shiryar da ma'aikata da masu zaɓe, muddin ba su saɓa wa doka ba. Saboda haka wasu gundumomi suka ce, to, tun da ba a hana mu ba, za mu sanar da mai ƙuri'a ya zo ya gyara. Wasu kuwa suka ce tun da ba a umurce mu ba, babu ruwanmu. A watan Satumba na 2020 Kotun Ƙolin jihar ta ce ba tilas ne gunduma ta sanar da kowa ba, kuma ƙuri'ar da ta zo ba ƙaramin ambulan, wadda su can suke kira tsirara, ba za a ƙirga ta ba. Ba ta ce an hana sanarwar ba. Sai aka wayi gari mutum biyu sun yi kuskure iri ɗaya a jiha ɗaya, na wannan gunduma an kira shi ya gyara, na waccan kuwa bai ma san ƙuri'arsa ta mutu ba.

Masu ƙin a ba akawu wannan iko suna da hujja, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa zaɓen shugaban ƙasa ko na sanata zaɓe ɗaya ne, bai kamata a auna shi da mudu 67 ba. Suna kuma cewa manyan birane irin su Philadelphia, inda 'yan Dimokurat suka fi yawa, su ne ke da kuɗi da ma'aikatan da za su bi mutane da waya, saboda haka taimakon da ake cewa na kowa ne, a ƙarshe gefe guda yake rinjayarwa. Wanda ya tuna shari'ar Bush da Gore ta 2000, inda bambancin yadda gundumomin Florida ke sake ƙirga ƙuri'a ya sa Kotun Ƙolin ƙasar ta tsai da ƙirgar, ratar kuwa ƙuri'a 537 ce, ya san wannan magana tana da nauyi.

Inda muka rabu da su shi ne wajen magani. Bayan zaɓen 2020, wanda Joe Biden ya ci a jihar da ratar ƙuri'a wajen 80,000, lauyoyin Donald Trump sun je kotun tarayya tare da mutum biyu waɗanda gundumominsu suka soke musu ƙuri'a ba tare da an ba su damar gyara ba. Maimakon su nemi a ƙirga ƙuri'un mutanen nan biyu, sai suka nemi a hana tabbatar da sakamakon jihar baki ɗaya. Mai shari'a Matthew Brann ya kori ƙarar a ran 21 ga Nuwamba, yana mai nuna cewa ba a gyara zaluncin da aka yi wa mutum biyu da kwace haƙƙin mutum kusan miliyan bakwai. Mu ma nan muka tsaya. In wata unguwa tana da rijiya wata ba ta da ita, mai neman adalci sai ya nemi a haƙa wa ta biyun, ba ya ɗauko ƙasa ya cike ta farkon. A 2022 jam'iyyar Rifablikan ta sake neman a hana gundumomi yin sanarwar, alƙaliya Ellen Ceisler ta ƙi, da aka ɗaukaka ƙara kuma Kotun Ƙolin jihar ta rabu uku da uku, domin babban alƙalinta Max Baer ya rasu ba a cike gurbinsa ba, hukuncin ƙasa ya zauna yadda yake.

Sai maganar kwanan wata, wadda ita ce ta fi ba mu haushi. Ofishin gunduma yana buga wa kowane ambulan hatimin lokacin da ya iso, don haka kwanan watan da mai zaɓe ya rubuta da hannunsa ba shi ne ake dubawa a san ko ƙuri'a ta makara ba. Duk da haka an soke ƙuri'a sama da 10,000 a zaɓen 2022 saboda shi, har da na waɗanda suka rubuta ranar haihuwarsu a gurbin, domin sun zaci ita ake tambaya. Kada kuma a ce wannan ba ya canja sakamako. A gundumar Lehigh, a zaɓen kujerar alƙali na 2021, David Ritter yana gaba da ƙuri'a 71, ga kuma ambulan 257 a ajiye marasa kwanan wata. Aka yi ta shari'a har tsakiyar 2022, da aka buɗe su sai Zachary Cohen ya ci da ƙuri'a biyar. Daga nan maganar ta yi ta yawo: Kotun Ƙolin jihar ta ce kada a ƙirga irinsu a Nuwamba 2022, wata alƙaliyar tarayya, Susan Paradise Baxter, ta ce a 2023 soke su ya saɓa wa dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinta a Maris 2024, kana a Agusta 2025 ita wannan kotun ta ce soke su ya saɓa wa tsarin mulki, bisa wata hujja daban. Dokar nan ta 1964 kuwa tana da tarihi mai ɗaci, domin an sa sashen da ya shafi wannan batu a cikinta ne saboda malaman rajista na kudancin ƙasar da ke korar baƙaƙen fata a kan ɗan kuskuren lissafin shekarunsu da watanni da kwanaki. Yanzu mai karatu ya sa kansa a kujerar akawun da aka ce ya rubuta wa jama'a umurni bayyananne a cikin waɗannan shekaru. Wane hukuncin zai bi, na bara ko na watan jiya?

Akwai kuma akawun da ya ga kuskure ya ɓoye. A zaɓen fid da gwani na Afrilu 2024, hukumar zaɓen gundumar Washington ta yanke shawarar ba za ta gaya wa kowa an ware ƙuri'arsa ba, ta kuma shigar da ambulan masu kuskure cikin na'ura a matsayin waɗanda suka iso kawai, har mutum 259 suka zauna gida suna zaton sun yi zaɓe. Da sun sani, da sun je rumfa ranar zaɓe sun jefa ƙuri'ar wucin gadi. Kotuna sun ce an tauye musu haƙƙi, Kotun Ƙolin jihar kuma ta tabbatar da haka a 2025. Tun a Oktoba 2024 ma, a wata ƙara daga gundumar Butler, kotun ta ce, da rinjayen huɗu da uku, wanda aka soke masa ƙuri'ar ambulan yana da damar a ƙirga masa ta wucin gadi. A ganinmu wannan ɓoyewa ta fi kuskuren akawun Dane muni nesa ba kusa ba, ko da yake masu yinta suna iya cewa babu layin dokar da suka taka.

Don kada 'yan ɗaya ɓangaren su yi dariya, a zaɓen sanata na 2024 tsakanin Bob Casey da Dave McCormick, wasu gundumomi da 'yan Dimokurat ke riƙe da su sun ƙirga ambulan marasa kwanan wata alhali kotu ta riga ta hana, har wata kwamishiniya a gundumar Bucks ta furta a bainar jama'a cewa hukuncin kotu bai dame ta ba. Kotun Ƙolin jihar ta tsawata musu a ran 18 ga Nuwamba, ita kuma ta nemi gafara daga baya. Mun riga mun ce sharaɗin kwanan watan nan ba shi da amfani, kuma ba mu janye ba. Amma ma'aikacin da ya zaɓi hukuncin da zai bi da wanda zai watsar ya naɗa kansa alƙali ke nan, ba kuwa wanda ya naɗa shi.

To, me ya haɗa mu da wannan, mu da ba mu zaɓe ta gidan waya? Mutanen Kano ba sa bukatar dogon bayani. A ran 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna ta zare ƙuri'a sama da 165,000 daga na wanda aka ce ya ci, bisa dalilin cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata, sai da Kotun Ƙoli ta mai da su a ran 12 ga Janairu, 2024. Ba muna maganar wanda ya cancanci kujerar ba ne, wannan kowa da ra'ayinsa. Abin dubawa shi ne, buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a aikin malamin zaɓe ne, talakan da ya sha rana a layi ba shi da hannu a ciki. Haka kuma bayan zaɓen 2015 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ƙa'idar da hukumar zaɓe ta fitar game da na'urar tantance kati ba ta da ƙarfin ture abin da dokar majalisa ta tanada, sai da Dokar Zaɓe ta 2022 ta zo ta ba na'ura gurbi. Tambayar dai ita ce ta Pennsylvania: ina iyakar umurnin ma'aikaci, kuma in an yi kuskure wa zai biya? Su wane ne kuma malaman zaɓen nan? Mu ne. 'Yan hidimar ƙasa ake turawa rumfuna, malamanmu na jami'a ake ba tattara sakamako, 'yan'uwanmu da suka riga mu kama aikin gwamnati su ne ke zaune a ofisoshin ƙananan hukumomi.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, bayyana wa mai zaɓe abin da doka ta ce, da sanar da shi kuskurensa tun da sauran lokaci, bai kamata ma a kira shi iko ba, wajibi ne a wuyan ma'aikaci, kuma ya kamata a rubuta shi cikin doka ya hau kan kowace gunduma, mai kuɗi da marar kuɗi, jiha kuma ta biya kuɗin aikin. Ƙara wa doka ko rage mata kuwa ba nasa ba ne, komai kyan niyyarsa. Laifin da ya fi girma muna ɗora shi ne a kan majalisa. Hukumomin gundumomin Pennsylvania, na jam'iyyun biyu, sun yi shekaru suna roƙon 'yan majalisarsu su warware maganar kwanan wata da ta gyaran kuskure, su kuma ba su izinin soma shirya ambulan kafin ƙarfe bakwai na safiyar ranar zaɓe, wanda shi ne lokacin da dokar 2019 da gyaranta suka yarda a soma buɗe su. Aka yi zaɓen 2020, aka yi na 2022, aka yi na 2024, ba a yi ba, domin kowace jam'iyya tana lissafin wanda gyaran zai amfana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga shi a can ana saura kwana huɗu zaɓen 2024 Kotun Ƙolin Amurka tana amsa takardar gaggawa a kan shari'ar Butler, akawuna 67 kuma suna zaune suna jiran su ji abin da za su gaya wa ma'aikatan rumfunansu ran Talata.